Ra'ayi: Kafin uwa ta dangwala yatsa a Magarya, wa ke tsaya mata?

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen yara na asibitin Magarya tsakanin watan Agusta da Oktoba ya san abin da ake nufi da haɗuwar zazzaɓin cizon sauro da tamowa. A shekarar 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a yankin tun 2005, ta bayyana cewa an kai matsayin da kusan yara 10 ke mutuwa kullum, yayin da fiye da 700 ke kwance a lokaci guda. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma gundumar Dungas ce ta fi jin jiki.

Inda cuta ta yi yawa haka, can masu bincike ke nufa, kuma hakan daidai ne, don ba a gano maganin ciwo a inda babu ciwon. Tambayar da nake so mu yi ita ce: idan aka miƙa wa uwa takarda aka ce ta dangwala yatsa, wa ya tabbatar ta san abin da ta amince da shi?

Na taɓa yi wa wata uwa wannan tambaya a wani ƙauye na Dungas, bayan wasu masu tattara bayanai sun auna ɗanta sun ɗebi jininsa. Ta ce mini ta dangwala ne saboda tana tsoron in ta ƙi, ranar da yaron ya kwanta ciwo ba za a duba shi ba. Babu wanda ya yi mata wannan barazana. Ita ce ta ɗauka haka, kuma babu wanda ya tsaya ya cire mata wannan tunani. Takardar da Faransanci aka rubuta ta.

Mu da ke kan iyaka ba sai an kai mu nesa ba kafin mu san illar wannan sakaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya nemi izininsu da baki kuma bai aikata laifi ba. Daga baya aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Kuɗin bai sayo amanar da aka rasa ba. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane ke kafawa, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Jita-jita ba ta neman biza: abin da aka faɗa a kasuwar Maigatari da safe, kafin la'asar ya iso Dungas.

Najeriya ta ɗauki darasi. Da tallafin cibiyar Fogarty ta Amurka aka buɗe shirin horar da masana ɗa'ar bincike a Jami'ar Ibadan ƙarƙashin Farfesa Clement Adebamowo, aka kafa kwamitin ƙasa, aka kuma fitar da kundin ƙa'idoji a 2007. Yau manyan asibitocin koyarwa na ƙasar suna da kwamitocinsu masu rajista. Haɗin gwiwa da waje ya yi amfani a nan saboda waɗanda aka horar sun dawo sun tarar da kujera da doka suna jiransu.

Nijar ma tana da kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya a Yamai, kuma an yi bincike masu nauyi a ƙasar. A Madarumfa ta jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre ta gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500, sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna yana kare kusan kashi 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani da ƙwayar rotavirus ke haddasawa. A jihar Doso, binciken raba maganin azitromisin ga ƙananan yara ya nuna raguwar mace-mace da kusan kashi 18 cikin 100. Waɗannan ayyuka sun ceci rayuka, kuma iyayen karkara ne suka ba da 'ya'yansu aka yi su.

Sai dai daga Yamai zuwa Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce, kafin a gangara kudu zuwa Magarya. Kwamitin da ke babban birni zai iya karanta tsarin bincike ya sa hannu, amma da wuya ya san yadda aka fassara takardar a bakin rijiya, ko wa ya yi wa matar bayani, ko mijinta ne ya amsa a madadinta. Ɗa'ar bincike a fili ake karya ta, don haka a fili ya kamata a tsare ta.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a kafa kwamitin jiha a Damagaram, ƙarƙashin na ƙasa, mazauninsa a sashen koyon aikin likita na Jami'ar André Salifou tare da babban asibitin ƙasa na birnin. A sa likita da masanin doka, a sa malamin addini da wakilin sarakuna, a sa mata daga Magarya da Dungas waɗanda suka san zaman jinya a tabarma. A ba shi ikon kai ziyarar ba-zata, da ikon dakatar da aiki in ya ga ɓarna.

A nan ne abokan hulɗa na waje za su yi rana, in aka sauya salon horon. Mun saba da taron kwana uku a otal, a raba jaka da kuɗin zama, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Abin da ake buƙata shi ne karatu mai zurfi ga mutum kaɗan da aka ɗaure da alkawarin dawowa, da horo na kai-da-kai ga ma'aikatan jinya da masu tattara bayanai a ƙauyuka. Shirin EDCTP na Turai da Afirka yana tallafa wa irin wannan aiki, darussan TRREE kuma kyauta suke a intanet da Faransanci. Kano da Zariya ma suna kusa, kuma da Hausa za a yi magana da su. Tsamin dangantakar siyasa bai kamata ya hana likitocin Damagaram koyo daga maƙwabtansu ba.

Sannan a mayar da takardar neman izini zuwa Hausa da Fulatanci da Barbarci, a naɗe ta a murya a kunna wa wadda ba ta karatu, a gaban shaidar da ba ya cin albashin aikin. Jumla ɗaya kuma ta zama dole a faɗe ta sau biyu: in kin ƙi, za a ci gaba da duba ɗanki kamar kowa. In an gama bincike, a koma ƙauyen a faɗi abin da aka gano. Sanarwar Helsinki, wadda aka sabunta a 2024, ta ƙara jaddada a sa al'umma cikin aiki tun daga farkonsa har ƙarshensa.

Na san abin da wasu za su ce: yara na mutuwa, ku kuna maganar kwamiti, ga shi ko kuɗin magani ba ya isa. Maganar tana da nauyi. Amma a Kano ma gaggawar annoba aka fake da ita, kuma an shafe shekaru ana biyan farashinta. Kwamiti mai horo sauri yake ƙara wa aiki, don ya san abin da zai duba. Game da kuɗi kuwa, yanke tallafin Amurka a 2025 ya nuna mana cewa abin da aka jingina kacokan ga baƙo, ranar da ya naɗe tabarmarsa zai rushe. Dole gwamnati ta ware wa kwamitin kasonsa, kowane bincike kuma ya biya kuɗin duba takardunsa a asusun hukuma, kada mai bincike ya zama shi ke ciyar da mai sa masa ido.

Ku matasan da ke karatun lafiya a Yamai da Damagaram, da 'yan uwanmu likitoci da ke Faransa, Kanada ko Saudiyya, wannan fage ne da ke neman ku. Ɗayanku zai iya haɗa jami'arsa da ta Damagaram, wani ya ba da darasi ta intanet, wani ya fassara takarda ɗaya zuwa Hausar da kakarsa za ta gane. Damina na tafe, asibitin Magarya zai sake cika, masu bincike kuma za su zo da takardunsu. Ya kamata su tarar da mutanen gida da suka iya karanta su kafin kowa ya dangwala.