Makarantun Mishan: Wa Zai Riƙe Su?

Jama'a manoma, iyaye maza da mata, a matso kusa a ji. Zaɓe ya ƙarato, masu neman ƙuri'a sun fara ratsa ƙauyuka. To, ga tambaya guda da ya kamata ku tare kowannensu da ita: makarantun furamare da coci-coci suka kafa, wa zai riƙe su?

Dattawa sun san asalin maganar. Tun zamanin Turawa 'yan mishan suka buɗe makarantu, kamar na C.M.S. a Wusasa da na S.U.M. a Gindiri. Jama'ar gari ne suka kwaɓa ƙasa, suka ɗora jinka. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya yi furamare. Da aka gama yaƙin basasa a 1970, gwamnatin Ukpabi Asika ta Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, wasu jihohi suka bi sahu. A nan Arewa da yawansu suka koma makarantun L.E.A. Sai kuma shirin U.P.E. ya zo a 1976, aka ce kowane yaro ya shiga aji kyauta.

Wannan abin alheri ne, domin ɗan talaka ya sami shiga. Amma fa an yi asara guda. Makaranta ta zama ta gwamnati, wato ta zama ba ta kowa ba. Iska ta yaye kwano, sai a ce a jira sakatariya. Malami ya yi mako bai zo ba, babu mai tambaya. Mu da muka riƙe alli mun san wannan ciwo.

Shi ya sa wasu ke cewa a mayar wa coci abinta ɗungum. A 2011 Gwamna Peter Obi na Anambra ya mayar da makarantun furamare na mishan ga masu su na asali, amma ku lura, gwamnati ta ci gaba da biyan albashin malamai. Idan aka mayar ba tare da wannan sharaɗi ba, daga aljihun wa albashi zai fito? Daga rumbunka, malam manomi. Ranar da aka sa kuɗin makaranta, 'ya mace za a fara cirewa.

To, ga matsayinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ba cocin da ta kafa makaranta kujeru a kwamitin kula da ita, a ji ta bakinta wajen naɗa hedimasta, ta sa ido kan gini da tarbiyya da zuwan malamai. Ba baƙon abu ba ne: a ƙasar Uganda, dokar ilmi ta 2008 ta ba waɗanda suka kafa makaranta kujeru 6 cikin 12 na kwamiti. Sauran kujerun na iyaye ne da malamai da tsofaffin ɗalibai da ƙaramar hukuma.

Amma da sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ba a karɓar ko kwabo, domin dokar U.B.E. ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne. Na biyu, albashi yana wuyan gwamnati. Na uku, ƙofa a buɗe take ga ɗan Musulmi da ɗan Kirista, kuma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa yaro darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. Abin da aka yi wa coci kuma, shi za a yi wa ƙungiyar Musulmi da ta kafa tata.

Duk ɗan takarar da ya zo, ku zaunar da shi, ya amsa a gaban jama'a. In ya kama kame-kame, ku riƙe ƙuri'arku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya raya mana zuriya, amin.