Kafin A Yafe Wa Mai Kamfani Haraji

Duk ranar da aka kira taron masu zuba jari a wata jiha ta ƙasar nan, jawabin da ake karantawa kusan ɗaya ne. A ce ƙofa a buɗe take, ga fili, ga rangwamen haraji, mai kuɗi ya zo ya kafa masana'anta a samu aikin yi. Mun ji irin wannan a Katsina a taron da Gwamnatin Aminu Bello Masari ta kira a 2016, kuma akwai hukumar jawo masu zuba jari da aka ɗora wa wannan aiki. Ba mu ƙi a yi kira ba. Amma ɗalibin da ya baro Kurfi da safe ya nufi Dutsin-Ma ya dubi abin da ke bisa hanya: motocin hatsi da na dabbobi suna fita da kaya ɗanye, wasu suna shigowa da man girki, da taliya, da atamfa, waɗanda aka sarrafa a wani wuri. Sa'an nan ya ƙirga bututun hayaƙin masana'anta nawa ya gani tsakanin garuruwan biyu. Lissafin ba zai wahalar da shi ba.

Wannan mujalla tana ganin lokaci ya yi da za a tambaya: wane haraji ne jiha take yafewa, wa ke biyan abin da aka yafe, kuma me ya sa duk da yafiyar ba a ga injuna ba?

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, harajin ribar kamfanoni ba na jiha ba ne, na Gwamnatin Tarayya ne. Dokar da ta tanadi hutun haraji ga kamfanin da ya share fage a wata sabuwar sana'a ta samo asali tun 1952, zamanin Turawa. An sake ta a 1958, aka kuma sabunta ta a 1971, inda ta ba da hutun shekara 3, wanda ana iya ƙara masa har shekara 2. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, waɗanda suka maye gurbin wannan hutu da wani tsari dabam, wato a rage wa kamfani kashi 5 cikin 100 na kuɗin da ya kashe wajen gini da injuna, kowace shekara har shekara 5. Ko da tsohon tsari ko da sabo, a Abuja ake sa hannu. Ba Gwamna, ba Kwamishina, ba shugaban ƙaramar hukuma da ke da ikon ɗage wa kowa wannan haraji.

To, me ya rage a hannun jiha? Akwai harajin albashin ma'aikata, da kuɗin hayar ƙasa, da kuɗin rajistar wurin sana'a, da na takardar mallakar fili, da wasu ƙananan kuɗaɗe. Sai kuma babban abu, wato ƙasar kanta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna amana, ta kuma ba shi ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta sani ta abin da ke bisa ƙasa ce, kamar shuka da gini da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka idan aka ce an ba mai kamfani fili kyauta, sau da yawa ma'anarsa ita ce an tashi wani manomi daga gonar da ya gada, an ƙirga masa kukoki da dorawa an biya shi, an sallame shi. Wannan kyauta ce da kayan wani. Idan masana'anta ta tashi, 'ya'yansa suka sami aiki, to ana iya cewa an yi musaya. Idan kuwa aka kewaye filin da katanga aka bar shi shekara goma, ko aka kai takardarsa banki aka ci bashi aka yi wata harka da kuɗin, to an cuci manomin, an cuci jihar, kuma ba wanda za a kama, domin ba a rubuta sharaɗi ba tun farko.

Mutanen wannan yanki sun san abin da yafe haraji yake nufi. A 1979, lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. An yi wannan a fili, kowane magidanci a ƙasar Yandaka da ƙasar Maraɗi ya san abin da aka sauke masa. Mai yabo ya yaba, mai suka ya soki, amma ba wanda ya ce bai san da maganar ba. Rangwamen da ake yi wa kamfanoni kuwa a ofis ake ƙulla shi, tsakanin mutum uku ko huɗu, alhali kuɗin da aka bari na asibiti ne da makaranta.

Sa'an nan mu duba ko rangwamen ne ma yake kawo masana'anta. Mai niyyar kafa injin matse gyaɗa ko na sarrafa tumatir, kafin ya tambayi haraji sai ya tambayi wuta, da ruwa, da hanya, da kuma ko zai kwana da ido biyu rufe. Haraji a kan riba ake biyansa, wanda kuwa yake ƙona man dizal dare da rana ba shi da ribar da za a yafe masa. Matatar ƙarfe ta Katsina, wadda aka buɗe a 1982, ba nauyin haraji ne ya durƙusar da ita ba har aka sayar da ita ga 'yan kasuwa. Ta dogara ne ga ƙarfen da ake kawo mata daga Aladja can kudu, da wutar da ba ta isa ba. Masaƙun Kaduna ma ba haraji ne ya rufe su ba, tsadar wuta ce, da tsofaffin injuna, da atamfar da ake shigowa da ita ta bayan fage.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Zobe. An kammala wannan madatsar ruwa a kan gulbin Karaduwa a 1983, da niyyar a yi noman rani a kadada wajen 8,000, a kuma ba garuruwa ruwan sha. Sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe kashi na farko na aikin ruwan shan. Shekara 38 ke nan. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama ginin ya yi aure ya aurar kafin ya ga famfo ya kawo. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Da an shimfiɗa magudanan ban ruwa yadda aka tsara tun farko, da tumatir da alkama da shinkafar da za a noma a nan sun isa su kira mai inji da kansu, ba sai an roƙe shi da rangwame ba. Masana'anta tana bin kaya ne. Auduga ce ta kai injin gurza Funtuwa da Malumfashi, ita ce kuma ta sa aka kafa masaƙar Funtuwa.

Batun tsaro kuwa ba sai an faɗa wa mai karatu ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Kurfi, saboda 'yan bindiga. Ɗalibai sun tuna yadda ake hawa mota a yi tafiya mai nisa don a gaya wa iyaye ana lafiya. Wace yafiya ce za ta sa mutum ya zuba dukiyarsa a inda ba ya iya kiran direbansa? Dajin Rugu kuma bai san iyakar Katsina da Zamfara ba.

A nan ne maganar haɗin kan jihohi ta shigo, kuma a nan ne muke ganin an fi yin sakaci. Jihohi bakwai ne a Arewa maso Yamma: Katsina, Kano, Kaduna, Jigawa, Zamfara, Sakkwato da Kabi. Kowace tana da hukumarta ta neman masu jari, kowace tana alkawarin ta fi maƙwabciyarta sauƙi. Mai kuɗi mai wayo sai ya zagaya, ya ce wa wannan ga abin da waccan ta ba ni, ke me za ki ƙara? A ƙarshe ya kafa injinsa a inda tun asali ya yi niyya, kusan kullum kusa da Kano inda kasuwa take, ya kuma tafi da rangwamen a aljihu. An ga ƙarshen irin wannan tsere a Amurka. Birnin Kansas yana kan iyakar jihohin Kansas da Misuri, sai jihohin biyu suka shekara da shekaru suna kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli don su janye kamfanoni daga wannan gefen titi zuwa wancan. Ma'aikatan su ne dai, aikin shi ne dai, baitulmali biyu ne kawai suka rame. Sai a 2019 Gwamnonin biyu suka yi sulhu suka daina. Jihohin da ke da kuɗin ɓarnatarwa ke nan. Mu da muke jiran kason wata-wata daga Abuja, da me za mu yi wannan gasa?

Ba kuma baƙon abu ba ne a wurinmu a yi aiki tare. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar raya ƙasa a 1956, wadda aka fi sani da NNDC, ita ce kuma ta haɗa jari da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar farko ta Kaduna a 1957, tana saƙa audugar da manoman Lardin Katsina da na Zazzau suka noma. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967 ba a yanka kamfanin gunduwa-gunduwa ba, an bar shi na kowa, har yau kuma jihohin Arewa 19 ne suke da shi. Amma tilas mu faɗi ɗaya gefen. Masaƙar nan ta tsaya a 2002, ma'aikatanta suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu, kowace jiha tana jiran 'yar'uwarta ta fara zura hannu a aljihu. Haɗin kan da ba a rubuta wa zai biya nawa, wa zai amsa tambaya ba, ƙarshensa ke nan. Shinkafar haɗin gwiwa ta Legas da Kabi, wadda aka fito da ita a 2016, ta nuna ana iya ƙulla ciniki tsakanin jiha mai gona da jiha mai kasuwa, ko da yake tafiyar ba ta yi nisan da aka so ba.

Yanzu dama ta samu wadda magabata ba su da ita. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon yin doka a kan wutar lantarki da jirgin ƙasa. Katsina da Kano da Jigawa kamfani ɗaya ne yake raba musu wuta, don haka ba hikima a ce kowace ta tsara nata ita kaɗai. A 2024 an sa hannu a dokar kafa hukumar raya Arewa maso Yamma. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci ƙungiyar Gwamnonin yankin. Majalisar zama akwai ta. Abin da za a tattauna a cikinta shi ne abin tambaya.

Ra'ayin wannan mujalla shi ne Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta yi doka guda bayyananniya, wadda za ta ce duk rangwame da duk filin da aka ba wani kamfani a buga shi a jaridar gwamnati: sunan kamfanin, girman filin, abin da aka yafe, da yawan ma'aikatan da ya yi alkawarin ɗauka. A sa wa'adi. In wa'adi ya cika ba a ga gini ba, fili ya koma, kuma masu gonar asali su ne farkon waɗanda za a tuntuɓa. In an ɗauki rabin ma'aikatan da aka ambata, a biya rabin abin da aka yafe. Jihohin bakwai kuma su yi yarjejeniya a rubuce cewa ba wadda za ta ba da rangwame don ta janye kamfanin da ke zaune a maƙwabciyarta, su kuma yarda da takardar biya guda ga motar kaya, yadda wanda ya ɗauko wake daga kasuwar Dutsin-Ma zuwa Dawanau ba zai yi ta tsayawa a shinge bayan shinge yana yankar rasit ba. Wannan ne harajin da ya fi cin ƙaramin ɗan kasuwa. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa kamfanin da cinikinsa bai kai Naira miliyan 25 a shekara ba harajin riba, amma mai injin niƙa a Kurfi bai ji sauƙi ba, domin ba wannan ne yake damunsa ba tun can. Masu rasit ne da ke zuwa masa daga ofisoshi dabam-dabam, ga kuma kuɗin mai.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa da shi ba sai ɓarna ta auku. Ruwan da ya wuce Zobe yamma yake nufa, ya shiga ƙasar Zamfara ya gangara gulbin Rima. Wanda ya ga abin da dagwalon majemu ya yi wa ruwan Chalawa a Kano ya san dole a yi maganar ruwa da maƙwabta kafin a aza tubali, ba bayan kifi ya fara tasowa ba.

Kalmarmu ta ƙarshe ga 'yan'uwa da suka riga mu fita suka kama aiki a ma'aikatun ciniki, da na ƙasa da safiyo, da ofishin tara haraji. Takardar da Kwamishina yake sa wa hannu, ƙaramin ma'aikaci ne yake rubuta ta. Idan fayil ɗin neman fili ya zo teburinku, ku rubuta a ciki gonakin mutum nawa ne, nawa za a yafe, kuma wace rana za a je a duba ko an cika alkawari. Mai yiwuwa a soke abin da kuka rubuta, amma zai zauna a fayil. Mu kuma da ke Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Horon Malamai ta Isa Kaita, muna da sassan tattalin arziki da na aikin gona, kuma kowace shekara ana rubuta kundayen kammala karatu a ajiye su ƙura ta rufe. Muna roƙon malamanmu su ba wasu daga cikin ɗaliban bana aikin bin filayen da aka ware wa masana'antu a wannan yanki ɗaya bayan ɗaya, su rubuto mana wanne aka gina, wanne aka bari. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga abin da suka samo.