DUSAR INABI DA TUNKUZAR GUJIYA



Akwai wata barasa a Faransa da ake rubutawa marc, ana faɗi "mar". Idan Nasara ya matse inabi ya kwashe ruwan, ɓawo da ƙwaya ke saura. Wannan dusa ba ya zubar da ita. Sai ya rufe ta ta yi tsami, ya dafa cikin tukunyar jan ƙarfe, ya tare tururin ya tsiyaye. A ƙasar Burgon sai ta shekara 2 ko fiye cikin gangar itace kafin a sayar, ƙarfinta 40 cikin 100. A 2011 hukumarsu ta yi doka ta tsare mata sunanta.

Har girki ta shiga. Da ita ake wanke cukun garin Epuwas, wanda ya kusa ɓacewa, iyalin Berthaut suka tada shi a 1956. Ana ɗiga ta cikin cakulan. Wajen Liyon kuwa cikin dusar kanta suke dafa naman alade. Musulmin da ya je can ya tambaya kafin ya kai hannu baki.

Mu ba mu sha, ba mu ce kowa ya sha ba. Faɗanmu da 'yan bokon da suka je Faransa suka komo suna yi muna fahari da buteli bisa tebur. Sun koyo sha, ba su koyo sana'a ba!

Ku tuna zamanin Nasara. Manomin Maraɗi da na Damagaram ya noma gujiya don ya biya lanho. Aka auna, aka ɗora, sai Marsai da Bordo. Man nasu, tunkuzar ta shanunsu. Mu fa? Buhu wofi. Alhali uwayenmu mata sun san tuyar ƙuli-ƙuli ba wanda ya koya musu.

Mun karɓi mulkin kai a 1960, amma har yau fatar jar akuyar Maraɗi na fita ba a ɗinka ta takalmi ba, albasar Galmi na ruɓewa a rumbu.

Mun ce: a matse a gida, a jeme a gida, dusa ta zauna a gida. Su riƙe butelinsu, mu ɗauki wayon.

Kowane reshe ya karanta wannan takarda ran kasuwa, a gaban waɗanda ba su yi lakwal ba.