Ƙurar dutse na iya zama tayil, amma ina wutar da za a gasa ta a Kano?

Magina a Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi sun san ƙurar dutse sarai, da ita ake buga bulo. A wasu ƙasashe kuwa narka ta ake yi tare da fasassun kwalabe a zafin digiri 1,400, a sanyaya, a sake gasawa har ta zama tayil mai ƙarko da ba ya shan ruwa. Tarayyar Sobiyet ta yi haka da dattin masana'antun ƙarfe tun shekarun 1960.

Dutse da kwalba ba sa wuya a Kano, wuta ce matsalar. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarkin rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, ga shi irin wannan tanda ba a kashe ta. Da an ɗauke wuta, narkakken gilashin ya daskare a ciki, asara ta tabbata. Dizal kuma sai ya cinye ribar.

Shi ya sa maganar ta rataya kan bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Har sai gas ya wadata a Challawa da Sharaɗa, 'yan Ƙofar Ruwa za su ci gaba da saro tayil daga nesa.