Littafi Ba Ya Rufe Kan Jinjiri

Yau na ɗan ajiye su Alhaji da Hajiya da rikicin kishiyoyi a gefe, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, kuma na ga idan ban amayar da ita da wuri ba, sanyi zai sake zuwa ya same mu muna 'yan kame-kame kamar yadda muka saba. Maganar kuwa ita ce ta saƙa, saƙar kwarashi da ta kibiya, wadda iyayenmu mata suka iya, mu muka raina, 'ya'yanmu kuma suka tashi ba su ma san yadda ake riƙe zaren ba.

Bari in fara da abin da ya faru a gidana, don kada a ce daga zaune na ƙago kamar yadda nake ƙaga labari.

A watan Janairun 2024 wata ɗiyar ƙanwar mahaifiyata ta sauka gidana a Gusau bayan magariba, ita da yara uku da jinjiri ɗan kwana tara. Daga wani ƙauye suka fito can bayan Kekun Waje a ƙasar Bunguɗu, kuma duk ɗan Zamfara ya san abin da ke fitar da mai jego daga ɗakinta ba shiri, ba sai na tsaya dogon bayani ba. Abin da ke jikinsu shi ne kayansu. Jinjirin yana naɗe cikin zane ɗaya, kansa a buɗe, ga jaura tana kaɗawa. Na taɓa tafin ƙafarsa na ji kamar na taɓa gindin randa. Ba ya kuka sosai, ba ya kama nono da ƙarfi. Na shiga ɗaki na birkice akwatuna, to amma autana shekararsa tara, kayan jariran gidan duk na rabar tun tuni, kasuwa kuma ta tashi.

Allah ya sa Goggona, yayar mahaifina, tana gidan, ta zo daga Kekun Waje ganin likitan gwiwa. Ita ce ta ce a cire wa yaron zanen a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare da bargo. Sannan ta ce in kawo mata duk wata tsohuwar rigar sanyi da aka daina sawa. Na kawo wata suwaitar gwanjo da ta yi wa ɗana kaɗan. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani kwarashi da ya sha hannu har ya yi sulɓi, ta kama warware suwaitar tana dunƙula zaren, ta miƙo mani kwarashin ta ce in fara sarƙar hula kafin ta gama. Jama'a, na riƙe abin nan kamar na riƙe wutsiyar maciji. Ni da aka koya wa saƙa a makarantar kwana ta 'yan mata, har malamarmu tana ɗaga aikina tana nuna wa aji, sai ga shi madaukin farko ma ya gagare ni.

Goggo ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, duk littahin da kika rubuta ba ki iya saƙa ma jinjiri hula? To littahi dai ba ya ruhe kan jinjiri. Miƙo mani."

Kafin kiran assalatu ta gama hula da safar ƙafa da 'yar safar hannu, ni ina riƙe mata tocila. Da gari ya waye muka kai yaron asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ta duba shi ta ce abin da tsohuwa ta yi shi ne daidai. Yaron yana nan da ransa, yana ta ƙiriniya. Ni kuwa maganar Goggo ta zauna mani a zuciya, kuma ita ce ta sa na koma ɗaliba a gabanta ina da shekara arba'in da 'yan kai.

Na san wani zai ce, wai wane sanyi ne a ƙasar Hausa har da za a yi ta zancen safar hannu kamar muna Rasha? To mai wannan magana bai taɓa hawa babur daga Tsafe zuwa Gusau da asuba a watan Disamba ba, bai kuma taɓa kwana a gindin dutsen Kwatarkwashi cikin hunturu ba. Gaskiya ne ƙanƙara ba ta sauka a nan, amma akwai dararen da ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 15, ga busasshiyar iska daga Sahara ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Bature yana da ɗaki mai na'urar ɗumama. Mu ɗakin kwano gare mu, da taga mai tsaga, da tabarma a kan siminti. Almajiri kuma a zaure yake kwana, 'yan gudun hijira a kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, kowa yana ganinsu a Gusau. Sanyin da mai bargo biyu ke jin daɗin barci a cikinsa, shi ne ke hana wani runtsawa.

Wanda abin ya fi shafa kuwa shi ne jinjiri. Kansa babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, kuma ta nan ɗumi mai yawa ke fita. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tsane jariri da zarar an haife shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a sa masa hula, a kuma jinkirta wankan farko har awa 24. Mu kuwa kun san halinmu, ana yanke cibi ungozoma ta ɗora ruwa. Wannan dabarar ta ƙirji da Goggo ta yi, likitoci sun fara amfani da ita ga bakwaini a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, yanzu ana koyar da ita a asibitocinmu. Goggo ba ta taɓa jin sunan Kolombiya ba, a wurin uwarta ta gani.

Kada dai a fahimce ni a baibai, hula ba allurar rigakafi ba ce. Namoniya, wadda alƙaluman UNICEF suka nuna ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya a 2018, fiye da kowace ƙasa a duniya, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, yunwa da hayaƙi su taimaka mata. Wannan sai rigakafi da asibiti. Amma ku lura da wani abu: uwar da ba ta da abin rufe 'ya'yanta, me take yi? Kaskon gawayi take shigarwa ɗaki ta rufe ƙofa da taga. Daga nan ake samun tari, daga nan ake samun gobarar hunturu, wani lokacin ma a wayi gari mutanen ɗakin ba su tashi ba. Ashe ke nan rigar sanyi da safa suna rage buƙatar kaskon.

Sai magana ta biyu da ake yi mani, ita ce wadda ta fi ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ba tana da ƙanshin gaskiya. Ƙawata ta ce, "Haba Hajiya, ki sayi ulu, ki ɓata dare biyu, alhali ga gwanjo a bakin kasuwa?" Na yarda sau da yawa gwanjo ya fi araha, ni ma ina saye, wanda ya je Ƙofar Wambai a Kano ya ga yadda ake fasa dila. Amma mai sayen gwanjo abin da ya tarar shi yake ɗauka. Ki je neman safar hannun yaro ɗan shekara uku ki gani, ko ki samu wari ɗaya, ko ki samu ta ƙaton Bature. Sannan duk ranar da Naira ta faɗi ko aka rufe iyaka, dila ta yi tsada, kuma daidai lokacin da sanyi ya kankama ne 'yan kasuwa ke ƙara kuɗi. Uwa-uba, a daren da na ba ku labari akwai kuɗi a jakata, ba su saƙa komai ba. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu fa jikokin masu zare ne. Ƙasar nan tamu ta Gusau da Tsafe da Bunguɗu ƙasar auduga ce. Saboda auduga da gyaɗa Turawa suka jawo layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, suka kafa injin gurzar auduga. Kakanninmu mata suna kaɗi da mazari da alli, maza suna saƙar fari da saƙi, mata suna saƙa gwado. Daga baya aka yi masaƙar Gusau wadda ta ci da dubban gidaje, ita ma ta rufe kamar 'yan'uwanta na Kaduna da Kano. Masaƙa ta rufe, wannan ba laifin talaka ba ne. Amma hannunmu wa ya rufe shi? Kwarashi ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya shan fetur, ba ya neman shago. Mace tana cikin gidanta, tana jiran tuwo ya nuna, tana saƙa. Kuma har gobe ainihin saƙar kwarashi da kuke gani a kasuwa hannun mutum ne ke yin ta. A ƙasar Ayilan, lokacin yunwar da ta faro a 1845, da saƙar kwarashi mata da yawa suka ciyar da gidajensu.

A nan dole in juyo kanmu, mu marubuta. Na duba littattafaina, na duba na abokan sana'ata, wace tauraruwa muka taɓa nunawa da zare a hannu? Kullum tana kwance a kan luntsumemen gado, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, ƙamshin turare yana tashi, tana jiran Alhaji ya dawo daga Dubai. Idan muka sako mai saƙa ko mai ƙuli-ƙuli a labari, to ita ce matalauciyar da za a tausaya wa kafin mai kuɗi ya zo ya cece ta. Shekara da shekaru muna shayar da 'yan mata wannan, sannan mu dawo muna mamakin sun raina sana'ar hannu. Ranar da ɗiyata ta gan ni da kwarashi dariya ta yi ta ce, "Umma, wannan ai aikin tsofaffi ne." Ban yi fushi ba, domin a littafina ta karanta hakan ko da ban rubuta shi ƙarara ba. Abin dariya, sai da ta ga 'yan mata a TikTok suna saƙa jakunkuna da huluna suna sayarwa sannan ta dawo tana roƙon in koya mata.

Hunturun da ya biyo baya mutum goma sha ɗaya na yi wa safar hannu a gidana, kuma ga abin da na koya ga mai son gwadawa. Ki sa mutum ya ɗora hannunsa a kan takarda ki zagaye da biro, ma'auninki ke nan. Ki fara daga wuyan hannu, ki ɗan matse shi don kada iska ta shiga, ki hau zuwa gindin babban yatsa, ki bar masa ƙofa, ki ci gaba har ki rufe saman, sannan ki dawo ki saƙa gidan babban yatsan. Dunƙulalliya wadda yatsu huɗu ke wuri ɗaya ta fi mai yatsu biyar sauƙin yi, ta kuma fi ta ɗumi, don yatsun suna ɗumama juna. Ita na yi wa yara masu sammakon makarantar allo. Ta jinjiri ba a yi mata yatsa ko ɗaya, kuma kada a sa mata dogon igiya. Maigida da ƙanensa mai achaba na bar masu kan yatsu a buɗe saboda riƙon birki. Goggo ma haka ta ce in yi mata, don kada a raba ta da tazbaharta. Gargaɗi ɗaya: yawancin ulun kasuwa na roba ne, narkewa yake yi ya manne a fata, saboda haka yaro ya cire safar kafin ya matsa jin ɗumi a bakin wuta. Wanda kuma kuɗin ulu ya gagara, tsohuwar suwaita ɗaya tana fitar da hula da safa har da saura.

Ta farko da na yi wa maigida wari ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya saka ya dube ni ya ce, "Ai ba laifinki ba ne, hannuna ne bai daidaita ba." Ya tafi masallaci da abarsa.

Kirana shi ne, makarantun Islamiyya na matan aure su ware ko da awa ɗaya a mako, a nemo tsofaffin unguwa irin su Goggo su koyar tun suna raye, domin idan suka tafi da abin a hannunsu sai dai mu koma koyo a waya. Magidanta ku sayo zaren tun da kaka, ana cire amfanin gona, ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan'uwana marubuta mu ba tauraruwarmu sana'a, ba zai rage mata kyau ba. Wadda kuma ta gama wa 'yan gidanta, ta ƙara hula ɗaya ta kai wa mai jego a cikin 'yan gudun hijirar da ke kusa da ita, ko ta ba almajirin da ke yi mata aike.

Goggo ta koma gida ta bar mani kwarashin nan nata, ta ce in riƙe tunda yanzu na san amfaninsa. Yana nan cikin gwangwanin da nake ajiye birona. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da kowa ɗakinsa, ya sa mu ga hunturun bana lafiya. Sai mun sake haɗuwa.