Yusuf Grillo: Zariya ta koyar da shi, mu kuma me muka ɗauka?

Yau ba zancen siyasa ko tsadar masara zan yi ba. Ina so ne mu ɗan tattauna a kan wani dattijo da ya yi rayuwarsa a nan kusa da mu, domin wurin aikinsa yana Ikeja ne, tsallake ɗaya daga Agege, amma na tabbata idan ka tsayar da mutum goma a Zango ka ambaci sunansa, da wuya ka sami wanda zai ce ya taɓa ji. Sunansa Yusuf Grillo, ya rasu a watan Agusta na 2021. Allah Ya jiƙansa.

An haife shi a 1934 a unguwar 'yan Barazil da ke cikin tsibirin Legas. Ya yi karatun zane a Zariya, a kwalejin nan da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne a 1958 shi da abokansa irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane wadda ake yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Tawayen nasu ba na bindiga ba ne. Cewa suka yi ba za su zauna suna kwaikwayon Bature ido rufe ba. Za su karɓi dabarunsa, su haɗa da abin da suka gada a gida. Da ya dawo Legas sai ya kama koyarwa a Kwalejin Fasaha ta Yaba, ya daɗe yana shugabantar sashen zane, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar masu zane ta Nijeriya. An fi saninsa da son shuɗin launi, wanda masu nazari ke dangantawa da rinin adire na Yarabawa, da kuma aikin gilashi mai launi da ya yi wa majami'u da dama a Legas, alhali shi Musulmi ne.

Ga wanda bai taɓa ganin yadda ake aikin ba, ga shi a taƙaice. Da farko ana zana fasalin tagar a takarda daidai girmanta, a rarraba shi gida-gida. Sai a yanko gilashi kala-kala gwargwadon kowane gida, a jera, a riƙe su da siraran dalma masu kwari a gefe biyu, a narka mahaɗar a liƙe. Launin ba fenti ba ne da ruwan sama zai wanke. A cikin gilashin yake, tun wajen narka shi ake zuba sinadaran ƙarfe. Idan ka kuskure awo da kaɗan, gilashi ba ya lanƙwasa maka, sai dai ka yanko wani. Shi ya sa aikin ke son lissafi da haƙuri, ga kuma sanin inda rana ke fitowa, domin haske ne ke ƙarasa shi.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. A ƙasarmu aka koyar da wannan bawan Allah, amma a cikin fitattun 'yan ƙungiyar nan babu Bahaushe ko ɗaya. Yau shekara sittin da ɗoriya, mu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Mile 12, yara nawa muka tura Yaba su koyi zane? Abin da na fi gani shi ne yaro ya tasa a miƙa shi kara ko mayankar Oko-Oba, ko wajen goro, ko canji. Duk sana'o'i ne na halal, ba na raina su, da su aka ciyar da mu. Amma idan aka ga yaro yana zane a bayan littafi sai a ce wasa yake yi, a ƙwace biron.

Na san abin da wasu za su ce: ai malamai sun yi magana a kan hoton abu mai rai. Gaskiya ne, kuma ni ba malami ba ne da zan ba da fatawa. Amma wa ya ce gilashi mai launi sai da hoton mutum? Duba masallacin Nasirul Mulk da ke Shiraz a ƙasar Iran, wanda aka kammala a 1888, mutane daga ko'ina suke zuwa kallon hasken tagoginsa da safe. Duba gidajen Sana'a a Yaman, da tagogin nan da suke kira ƙamariyya. Zayyana ce zalla. Mu kuwa zayyana gadonmu ce: dagi a jikin soro, aska takwas a wuyan riga, adon da alarammomi ke yi wa allo da Alƙur'ani rubutun hannu, ga bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Gilashin ma ba baƙo ba ne. Masaga na Bida sun daɗe suna narka shi suna yin awarwaro da duwatsun wuya, kuma binciken da aka yi a Ile-Ife ya nuna ana haɗa gilashi a can tun wajen ƙarni na 11.

Abin haushi, kullum muna gina masallatai, attajiranmu na gina gidaje, sai a sayo gilashi mai duhu ko a liƙa masa ledar ado da ke ɓarewa bayan damina biyu. Kuɗin na fita, sana'ar ba ta shigo ba.

A ganina babban darasin rayuwar Grillo ba tagogin ba ne, koyarwar ce. Da ya so, da ya kulle kansa yana zane yana sayarwa. Sai ya ba aji shekarunsa, har ya zama da wuya ka yi zancen masu zanen Yaba ba ka ambace shi ba. Masu sana'armu da yawa akasin haka suke yi, a ɓoye sirri har a shiga kabari da shi, shi ya sa magina irin na da suke neman ƙarewa.

Shawarata ba mai tsada ba ce. Yaranmu da ke koyon haɗa tagogin alminiyom sun riga sun iya yankan gilashi, zane da launi kawai suka rage musu. Ƙungiyoyinmu da fadar Sarkin Hausawa za su iya ɗaukar nauyin yaro biyu ko uku duk shekara zuwa Yaba ko Zariya, maza da mata, da sharaɗin idan sun gama su koyar da na baya. Kwamitin masallaci kuma ya ba su taga ɗaya su gwada. Da ganawa a kan ɗau kara, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Wanda ke da ja, ga fili nan a ƙasa, ya bayyana ra'ayinsa cikin mutunci. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.