Raddi ga Mai Cewa Sai da Hannu Ake Sabunta Uwar Garke

Wani ɗan'uwa ma'abucin ilimin kwamfuta ya yi da'awar cewa uwar garke, wato babbar na'urar da ke riƙe da bayanan ofis ko asibiti, bai dace a bar ta tana sabunta manhajarta da kanta ba, balle a garuruwa irin Wurno da Rabah da Goronyo. Hujjojinsa uku ne.

Ta farko, ya ce hannun mutum ya fi amana. Na ce ɗan Adam ajizi ne, yana mantuwa, yana jinya, yana tafiya ta'aziyya. Kamfanin Microsoft ya fitar da maganin wata kafa da ke cikin manhajarsa a watan Maris na 2017, amma da Mayu ta kama, cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi wannan kafa ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali magani yana ajiye wata biyu yana jiran hannu.

Ta biyu, ya kafa dalili da sabuntawar manhajar kamfanin CrowdStrike ta Yulin 2024, wadda ta durƙusar da kwamfutoci wajen miliyan 8.5. Wannan gaskiya ne, sai dai illar tana cikin sakin abu ga kowa a lokaci guda. Domin kamar yadda hankali ba ya yarda a wangale ƙofofin madatsar Goronyo gaba ɗaya a kan manoman fadamar Rima, haka ake fara ajiye kwafin bayanai, a gwada a na'ura ɗaya, in ta kwana lafiya sannan a sakar wa saura.

Ta uku, ya ce wuta da intanet ba su da tabbas a nan. Wannan kuwa hujja ce a kansa, gama inda sai an jira injiniya ya taso daga Sakkwato, can aka fi bukatar manhaja irin unattended-upgrades ta Ubuntu, wadda ke neman gyaran tsaro kullum, in ta rasa hanya yau ta koma gobe, muddin an tanadi batir don kada wuta ta yanke ana tsakiyar aiki.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗi, wato zaman gadin iyaka, a Wurno har rasuwarsa a 1837, sharaɗin ribaɗi kuwa shi ne tsaro kada ya yanke. To, a bar wa na'ura gadin dare, ma'aikaci ya karanta rahotonta da safe. Allah ne mafi sani.